TARIHIN THEODORE MAIMAN, MUTUMIN DA YA DAFA DUTSE

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san tsawon dare. A Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, wanda abin ya kama yakan fara da tauna kanumfari, in ya ƙi lafawa sai a nufi asibiti, wani lokaci har Funtuwa ko Zariya. Da yawa kuwa tsoron allura da ƙarar injin huda haƙori kan sa su yi ta jinkiri har haƙorin ya ruɓe. Mutumin da za mu ba da tarihinsa ba likita ba ne, amma aikinsa ya rage wa masu wannan ciwo wahala.

An haifi Theodore Maiman a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka ran 11 ga Yuli, 1927, ya kuma tashi a Denver. Ubansa injiniyan lantarki ne, saboda haka tun yana yaro ya saba da kwance rediyo da gyara ta. Bayan ya yi aikin sojan ruwa, sai ya shiga Jami'ar Colorado ya gama a 1949. Daga nan ya wuce Jami'ar Stanford, inda ya sami digirin digirgir a 1955, kana ya kama aiki a ɗakin binciken kamfanin Hughes.

A zamanin nan manyan masana suna ta tseren ƙera wata na'ura da za ta tara haske wuri guda, ta harba shi siriri ba tare da ya watse ba. Ita ce ake kira leza. Maiman ya zaɓi jan yaƙutu na haɗi don yin wannan aiki, alhali wasu fitattun masana sun riga sun yanke cewa dutsen ba zai yi ba. Bai yi musu da kowa ba. Sai ya koma ya sake auna dutsen da kansa, ya tarar lissafin da aka dogara a kai akwai kuskure. Ya sami guntun yaƙutu, ya shafe bakinsa biyu da azurfa, ya sa shi cikin murɗaɗɗiyar fitila irin ta masu ɗaukar hoto. Ran 16 ga Mayu, 1960, ya kunna, jan haske ya fito. Na'urar duka ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Lalle mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Amma fa romon bai zo da sauƙi ba. Mujallar kimiyya da ya fara aika wa bayaninsa ta ƙi bugawa, sai wata mujalla ta Ingila mai suna Nature ta buga shi a watan Agusta na shekarar. A 1964 aka ba wasu masana uku lambar Nobel saboda aikin da ya share wa leza hanya, shi kuwa har ya bar duniya bai samu ba. Duk da haka ya kafa kamfaninsa na ƙera leza, ya kuma karɓi babbar lambar girma ta Japan a 1987.

To, ina haɗin wannan da haƙori? A 1965 wani likitan fata, Leon Goldman, ya gwada hasken yaƙutu a haƙorin mutum mai rai. Gwaje-gwajen farko sun nuna zafin wannan haske na iya cutar da cikin haƙori, don haka aka yi shekaru ana neman wani iri. A 1997 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da lezar erbium wajen sassaƙe ruɓaɓɓen wuri. Ruwan da ke jikin haƙori shi ke shanye hasken, sai ɓarɓashin ruɓar ya tashi. In kuma dasashi ake yanka, wasu irin leza kan toshe ƙananan hanyoyin jini nan take, jini ya ragu, ƙwayoyin cuta su mutu. Sau da yawa ma ba a bukatar allurar kashe zafi. Sai dai na'urar tana da tsada, ba a cire tsohon cikon ƙarfe da ita, kuma tilas likita da majiyyaci su sa tabarau na musamman don kare ido.

Maiman ya rasu a Vancouver ta ƙasar Kanada ran 5 ga Mayu, 2007. Tun 2018 hukumar UNESCO ta mai da 16 ga Mayu ranar haske ta duniya, don tunawa da ranar da na'urarsa ta fara aiki.

'Yan'uwana ɗalibai, abin lura a nan shi ne, da Maiman ya karɓi maganar manya bai auna ba, da wani ne ya riga shi. In mun shiga ɗakin gwaje-gwaje, mu auna da kanmu, mu rubuta abin da muka gani. Ƙasarmu na bukatar likitocin haƙori da masu gyaran irin waɗannan na'urori, kuma daga azuzuwanmu za su fito. Kafin nan dai, kada mu saki aswaki da buroshi, don rigakafi ya fi magani.