George de Hevesy: Ɗan gudun hijirar da ya gano hanyar sanin abin da ke cikin dutse

An haifi George de Hevesy a Budapest ta ƙasar Hungary ranar 1 ga Agusta, 1885, a gidan masu hali, tsatson Yahudawa. A 1911 ya isa Manchester ta Ingila, inda Ernest Rutherford ya ɗora masa aikin raba wani sinadari mai fitar da tiriri daga dalma. Aikin ya faskara, domin su biyun nau'o'i ne na sinadari guda. Daga wannan gazawa ya fahimci cewa mai tiririn zai iya zama alamar bin sawun ɗan'uwansa duk inda ya shiga. Wannan dabara ce ta samo masa kyautar Nobel ta 1943 a fannin kemistiri.

Siyasa ba ta bar shi ya zauna wuri ɗaya ba. A 1920 rikicin mulki ya fitar da shi daga Hungary zuwa cibiyar Niels Bohr a Copenhagen, inda shi da Dirk Coster suka gano sinadarin hafniyom a 1923. Ya zama farfesa a Freiburg ta Jamus, amma a 1934 mulkin 'yan Nazi ya sa ya sake komawa Denmark.

A can ne, a 1936, shi da Hilde Levi, wadda ita ma ta baro Jamus, suka lura cewa idan aka harba niyutiron a kan wasu ma'adanai, ƙwayoyin zarrarsu kan haɗiye shi su fara fitar da tiriri. Kowane sinadari yana da irin tiririnsa da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya dusashe. Da waɗannan alamomi ake tantance sinadaran da ke cikin dutse ko ƙasa da yawansu, ko da ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan ne, ba tare da an narkar da samfurin ba. Da hanyar aka auna duwatsun da kumbon Apollo ya kwaso daga wata.

Da sojojin Hitler suka mamaye Denmark a Afrilun 1940, lambobin Nobel na zinare na Max von Laue da James Franck suna ajiye a cibiyar, ɗauke da sunayensu, alhali fitar da zinare daga Jamus babban laifi ne. Hevesy ya narkar da su a ruwan asid, ya ajiye cikin sauran kwalabe. Bayan yaƙi aka tace zinaren aka sake ƙera lambobin. Shi kuwa ya tsere zuwa Sweden a 1943, ya rasu a Freiburg ranar 5 ga Yuli, 1966.

Aikinsa ya iso Zariya. Tun 2004, ƙaramar na'urar nukiliya ta NIRR-1 da ke Jami'ar Ahmadu Bello tana auna duwatsu da ƙasar noma da wannan hanya. Ga al'ummar da ake haƙar ma'adanai a ƙauyukanta, irin wannan awo shi ne hujjar da za ta riƙe idan ta tashi tambayar me aka kwashe daga ƙasarta, me kuma aka bar mata a gona.