Alhaji Umaru na Salaga, Malamin da Ya Koya wa Bature

An haifi Malam Umaru a Kano wajen shekara ta 1858. Asalin gidansu Kabi ne, ubansa Abubakar kuwa falke ne mai zuwa Gwanja sayen goro. Umaru ya yi karatu a Kano, sa'an nan ya bi garuruwa neman ilmi, har ya ƙware a Larabci. Daga baya ya sauka Salaga, babbar kasuwar goro da bayi ta wancan zamani. A nan ya sadu da wani Bajamushe mai suna Krause, wanda Hausawa su ke kira Malam Musa, suka yi ta binciken Hausa tare.

A 1892 rikicin sarauta ya tashi a Kpembe, mayaƙa suka shigo daga ƙasar Dagomba, Salaga ta watse. Fatake da malamai suka bazu. Malam Umaru ya koma Kete-Krachi a bakin kogin Volta, inda ya zama limami.

A can ne ya sami almajiri wanda ba a zata ba. Adam Mischlich ya zo ƙasar nan tare da Mishan na Basel, daga baya ya shiga aikin gwamnatin Jamus. Wanda ya ƙetare teku domin ya koyar, sai ga shi zaune yana koyo. Malam Umaru ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa, da al'adunsu, da sana'o'insu. A 1906 Mischlich ya buga ƙamus na Hausa da Jamusanci, Turawa masu koyon harshenmu suka ci amfaninsa.

Malam Umaru bai yi wa Turawa fadanci ba. Ya yi waƙoƙi a kan zuwansu, ya lissafta garuruwan da suka ci da ƙarfin bindiga. Ya yi waƙa a kan talauci da wadata, ya nuna yadda a ke raina matalauci ko da gaskiya tana wurinsa. Ya yi wata kuma a kan annobar mura ta 1918. Ya je hajji ya komo, ya ci gaba da koyarwa har ya rasu a Kete-Krachi a 1934.

Ya ku 'yan'uwa na Salaga, da Yendi, da Bawku, wannan mutum bai karɓi bishara ba. Musulmi ya rayu, Musulmi ya mutu. Ceto kuwa, mun sani, ta wurin Yesu Almasihu kaɗai ya ke. Amma ku tuna, annabi Musa ya koyi hikimar Masarawa, ya kuma ji shawarar surukinsa Yetro, mutumin Madayana, ya naɗa masu taimakonsa shari'a. Allah bai hana shi ba.

Waɗansunmu, da suka ba da gaskiya, sai suka daina gaida malamin unguwa, suka ɗauka ba sauran abin koyo a wurin iyayensu. Wannan girman kai ne, yana kuwa toshe ƙofar bishara. Wanda ka raina ba zai saurare ka ba. Mu gwada kowace magana da Littafi Mai Tsarki, mu riƙe mai kyau, mu gode wa Allah wanda ya ba da ita.