Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da jami'a ta ba dakta

Duk ɗan kasuwar da ke shiga Mubi ko Jimeta sayen kaya ya saba da takardar naira ashirin, wadda ake kira Murtala. Amma ba kowa ne ya taɓa juya bayanta ya duba da kyau ba. A can akwai hoton wata mata a sunkuye, hannunta a kan wata babbar randa. Sunanta Ladi Kwali, kuma tun shekarar 2007 hotonta yake a wannan takarda. Tarihinta muka kawo wa masu karatu a yau, domin mace ce da aka auna aikin hannunta da ma'auni iri-iri, daga kasuwar ƙauye har zuwa jami'a.

An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi. Yau garin yana cikin yankin babban birnin tarayyar Najeriya. A wurinsu ginin tukwane sana'ar mata ce, kamar yadda muke gani a ƙauyuka da dama na Adamawa, kuma a hannun gwaggonta ta koya tun tana yarinya. Ba a zaune ake wannan gini ba. Maginiya tana ajiye curin yumɓu, ta riƙa zagaya shi a sunkuye, tana jan bangon tukunyar sama da hannu, tana ƙara masa yumɓun da ta murza kamar igiya. Idan ya ɗan sha iska sai a yi masa zane, sannan a toya shi a fili da itace da ciyawa.

A wannan makaranta babu maki, babu takardar sakamako. Tukunyar da ba ta ginu ba wuta ce ke fasa ta. Wadda ta tsira kuma sai ta fuskanci mai saye, wanda zai ƙwanƙwasa ta da yatsa ya saurari ƙararta kafin ya taya. Danginta sun ba da labarin cewa sau da yawa akan saye tukwanen Ladi tun ba su kai kasuwa ba. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a fassara masa abin da wannan ke nufi.

Daga cikin masu sayen har da Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya tara tukwanenta a gidansa don ado. Abujar da ake nufi ita ce garin da yanzu ake kira Suleja. A nan ne wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya gan su a shekarar 1950, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi ya zagaya ya duba harkar tukwane a ƙasar. Cardew gwani ne a ƙasarsu, ya kuma yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Bayan zagayen ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja, kuma a 1954 Ladi ta shiga. Ita ce mace ta farko a cikin ɗaliban.

To, a nan labarin ya ɗauki wani salo. An kafa cibiyar ne don a koya wa maza ginin tangaran irin na Turai: faifan juyi da ake turawa da ƙafa, ruwan ƙyalli da ake shafa wa kwano, da tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200. Ladi ta koyi duk wannan, ta yi kwanuka da butoci da kofuna kamar sauran ɗalibai. Da malamin ya tsaya a kan manhajarsa kawai, da ta zama ɗaya daga cikin masu juya faifai, shi ke nan. Sai dai Cardew ya gane cewa abin da ta zo da shi daga Kwali ya fi abin da zai iya koya mata, shi ya sa bai hana ta gina manyan randunanta da hannu ba. Abin da ya canza shi ne irin yumɓun da irin wutar. Ta ci gaba da zana kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi da tsuntsu a jikin randa, aka shafe su da ruwan ƙyalli, aka gasa a tanderu. A ganina wannan shi ne babban alherin da ya yi mata, ya fi duk tafiye-tafiyen da suka biyo baya.

Amma akwai abin da aka rasa, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsatsafo, iska tana busar da shi. Randar da aka gasa a tanderu ba ta tsatsafo, ga nauyi, ga tsada. Matar da ta zo kasuwa neman abin zuba ruwan sha ba za ta ko taya ta ba. Wato kayan da ya faɗi a ma'aunin Kwali shi ne ya ci a ma'aunin Landan, inda aka baje kolin kayan cibiyar a shekarun 1958, 1959 da 1962, masu kuɗi suka saye, gidajen tarihi suka adana. Ladi ta je Ingila da kanta ta nuna yadda take gini, ɗaliban makarantun zane suna kallo. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Sarauniyar Ingila ma ta ba ta lambar girma a farkon shekarun 1960.

Wasu mata sun biyo sawunta zuwa cibiyar, irin su Halima Audu, Lami Toto da Kande Ushafa, har aka riƙa kiran ɗakin aikinsu Ɗakin Gwari.

A daidai wannan lokaci, a Zariya, ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suna fama da nasu malaman. Yawancin malaman Turawa ne, kuma da idon Turai suke duba aikin ɗalibi su ba shi maki. A 1958 wasu daga cikin ɗaliban, har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don neman a haɗa dabarun Turai da zanen gida, aka yi musu laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Abin da suke nema da muhawara, Ladi tana yin sa da hannu a Abuja, ita da ba ta taɓa zaman aji ba. A 1977 wannan jami'a ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta.

Gwamnatin Najeriya ta ƙara mata da lambobin yabo a 1980 da 1981. Cardew ya bar Abuja tun 1965, ya rasu a 1983. Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, tana da shekara kusan 59. An sa wa cibiyar ta Suleja sunanta, haka ma wani titi a sabuwar Abuja.