Tunawa da Marigayi Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo

Mu Hausawan Umbadda da sauran unguwannin Omdurman, duk nisanmu da Sakkwato ba mu yanke zumunci da ita ba, domin da yawa daga cikin kakanninmu sun biyo hanyar gabas ne bayan yaƙin Burmi na 1903, wasunsu suka zauna a Mai Wurno, bakin kogi kusa da Sinnar. Shi ya sa a yau muka waiwayi rayuwar Sarkin Musulmi na 19, Alhaji Muhammadu Macciɗo.

Marigayin shi ne babban ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya shekara 50 a kan gado. Ya riƙe sarautar Sarkin Kudu, ya yi kwamishina a tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, sannan ya daɗe yana taimakon mahaifinsa da harkokin fada.

Da mahaifin nasa ya rasu a watan Nuwamban 1988, jama'a sun sakankance shi zai gaje shi. Sai gwamnatin soja ta Janar Babangida ta naɗa Alhaji Ibrahim Dasuƙi. Tarzoma ta ɓarke a Sakkwato, har aka yi asarar rayuka. Macciɗo kuwa ya rungumi ƙaddara, ya yi haƙuri kusan shekara takwas. A watan Afrilun 1996 gwamnatin Janar Abacha ta tuɓe Dasuƙi, aka ba shi gadon mahaifinsa. Mahaƙurci mawadaci. A zamaninsa an san shi da sauƙin kai, da kiran zaman lafiya tsakanin Musulmi da Kirista.

Ranar Lahadi, 29 ga Oktoban 2006, 'yan kwanaki bayan ƙaramar Sallah, ya shiga jirgin kamfanin ADC, ƙirar Boeing 737, daga Abuja zuwa Sakkwato. Hadari ya haɗo, iska tana kaɗawa. Jirgin bai daɗe da barin ƙasa ba ya faɗi cikin wata gona, ya kama da wuta. Cikin mutum 105, tara ne kawai suka tsira. Ɗansa, Sanata Badamasi Macciɗo, yana cikin waɗanda suka rasu tare da shi.

Me ya kayar da jirgin? Lokacin tashi na cikin mafi hatsari ga kowane jirgi, babba ne ko irin ƙananan da ake koyon tuƙi da su a kwalejin Zariya, saboda bai yi nisa da ƙasa ba, gudunsa kuma bai kankama ba. Iskar da ke ratsa fukafukai ita ke ɗauke da jirgi. Idan hadari ya juya ta farat ɗaya, ta koma busowa daga baya, sai fukafukan su rasa abin dogaro. Matuƙi na da 'yan daƙiƙu ne kawai ya gyara, idan kuwa ya ɗaga hancin jirgin fiye da ƙima, sai ya rikito.

Masu bincike sun gano cewa abin da ya faru ke nan. An tashi alhali an san yanayi ba kyau, matuƙan ba su bi ƙa'idar kuɓuta daga juyin iskar ba, kuma na'urar da aka yi musu horo da ita ba ta dace da koyar da wannan dabara ba.

Ajali idan ya yi kira ba makawa, wannan mun yi imani da shi. Amma abin lura shi ne, bawan Allahn da ya jira shekara takwas bai ta da hankalin kowa ba, ya rasu a tafiyar da ba a jira wucewar hadari ba. 'Yan'uwa fatake da ke matsa wa direban babbar mota ya kama hanya cikin ruwa ko guguwa don kada kasuwa ta tashi, sai mu tuna sauri ya haifi nawa.

An yi jana'izarsa a Sakkwato, ƙanensa Alhaji Sa'ad Abubakar ya gaje shi. Allah Ya jiƙansa da sauran waɗanda suka rasu, amin.