FITILAR DA ISKA BA TA KASHE BA: LABARIN SAMUILA AJAYI CROWTHER

Ya kai mai karatu, ko kana Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, ka san a-ci-balbal wadda iyayenmu suka yi hira a gindinta. Ɗan kasko ne, a zuba masa man gyaɗa, a murza auduga a yi lagwani. Ba shi da haske na kansa, sai an ɗosana masa wuta. Cikin Bisharar Matta, sura 5, Ubangiji Yesu ya misalta masu binsa da fitila wadda aka kunna domin mutanen gida su gani. Ga labarin wani wanda ya zama irin wannan fitila.

An haifi Ajayi a Osogun, cikin ƙasar Yarabawa. A 1821, yana yaro, mahara suka faɗa wa garinsu, suka kama shi, aka raba shi da uwarsa. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har aka kai shi Ikko, aka sa shi cikin jirgin fataken bayi na Fotugal. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin nan, suka kwance bayin, suka sauke su a Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1825, ya ɗauki sunan Samuila Crowther.

Da ya sami haske bai ɓoye shi ba. Bayan an naɗa shi mai hidimar ikkilisiya a 1843, ya koma ƙasar da aka sayar da shi, yana wa'azi, yana juya Littafi Mai Tsarki da Yarabanci. A 1846, a Abeokuta, ya sadu da uwarsa bayan shekara 25, daga baya ita ma ta karɓi baftisma. Ka lura, fitila takan fara haskaka ɗakin da take ciki tukuna.

A 1857 ya hau Kogin Kwara cikin wani jirgi mai suna Dayspring, watau ketowar alfijir. Jirgin ya bugi dutse kusa da Jebba ya farfashe, suka yi watanni da yawa a bakin kogi suna jiran wani. Crowther bai ɓata kwanakin nan da gunaguni ba. Ya duƙufa ga koyon Nufanci, ya ziyarci Raba, daga baya kuwa ya rubuta littattafan koyon harshen. A 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari, shi ne baƙar fata na fari da ya sami wannan matsayi cikin ikkilisiyar Ingila.

Dubi zamansa da Musulmi, gama kai ma tare da su kake zaune, wataƙila su ne iyayenka da 'yan'uwanka. Yakan je Bida ya gai da Sarki Masaba da ladabi. In malamai sun tambaye shi batun bangaskiyarsa, ba ya zagi, ba ya gardamar banza, sai ya buɗe Littafin ya karanta musu amsa. Suka amince da shi, har Sarkin Nufe Maliki ya aike masa da takarda, yana roƙonsa ya taimaka a hana kawo barasa ƙasarsa. Sarki ba ya kai irin wannan kuka ga wanda bai yarda da halinsa ba.

Iska mafi ƙarfi kuwa daga cikin gida ta taso masa. A 1890, yana tsoho tukuf, waɗansu samarin mishan daga Ingila suka ɗora wa ma'aikatansa laifofi, suka dakatar da su a gabansa, suka rena furfurarsa. Abin ya ƙona masa rai ƙwarai, amma bai rama ba, bai kuwa juya wa Ubangijinsa baya ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891.

To, ɗan'uwa, yaya taka fitila? Manta shi ne addu'a da karatun Maganar Allah, in ka bar su kwana biyu za ka ga ta soma dushewa. Lagwani kuma yana bukatar gyara, watau tuba, don kada hayaƙin fushi da ƙarya ya cika ɗaki. Ka cika mudu a kasuwa, kada ka jiƙa auduga domin ta yi nauyi a ma'auni, ka biya bashi a kan lokaci, ka yi wa matarka magana mai daɗi. In danginka sun ƙi cin tuwo tare da kai saboda Almasihu, kada ka fasa gaishe su da safe, in sun yi ciwo ka riga kowa zuwa. Za ka ji zafi, gama fitila ba ta haske sai manta yana ƙonewa. Amma wanda ya kunna Ajayi, bawan da aka saya da kuɗi, yana da iko ya riƙe ka har gari ya waye.