Luigi Pirandello, marubucin da mutanen labarinsa suka hana shi sakat

An haifi Luigi Pirandello a shekarar 1867 a Agrigento, cikin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Malami ne, ya yi shekara fiye da 20 yana koyarwa a kwalejin horar da malamai mata ta birnin Roma. A 1903 ruwa ya cika mahaƙar farar wuta da mahaifinsa ya zuba dukiyar gidan a ciki. Matarsa Antonietta ta samu taɓin hankali, ya zama da rana yana aji, da dare yana jinya yana rubutu.

Abin da ya bambanta shi da saura, wai shi mutanen da yake ƙagawa rayayyu ne masu ra'ayin kansu. A wani gajeren labari na 1911 ya nuna kansa yana sauraren kokensu kowace safiyar Lahadi, har wani Dokta Fileno ya kawo ƙarar marubucinsa da ya wulaƙanta shi.

To, akwai wasu shida, ƴan gida ɗaya, da ya ƙi rubuta labarinsu, su kuma suka ƙi fita daga zuciyarsa. Da ya rasa yadda zai yi, a 1921 ya sako su a wasan kwaikwayo suna neman marubuci. Daren farko a Roma ƴan kallo suka yi masa ihu, suna cewa gidan mahaukata ne. Ashe su shidan nan ne za su kai sunansa duniya. Ya karɓi kyautar Nobel a 1934, ya rasu a Roma ranar 10 ga Disamba, 1936.