Andrey Kolmogorov: Masanin da ya kafa wa lissafin yiwuwa ƙa'ida

Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa duk shekara domin manoma irin na Watari a Kano ya dogara ne da lissafin yiwuwar aukuwar abu. Andrey Kolmogorov ne ya aza wa wannan ilimi tubalinsa na zamani.

An haife shi a Tambov ta ƙasar Rasha a 1903. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwarsa, 'yar'uwarta ce ta rene shi. A 1933 ya wallafa ɗan littafi da Jamusanci, ya tattara fannin da ke warwatse a ƙarƙashin 'yan ƙa'idoji. Manhajojin kwamfuta masu auna yiwuwa har yau a kansu suke tafiya.

Siyasa ba ta bar shi ba. A 1936, zamanin mulkin Stalin, yana cikin ɗaliban da suka tsaya gaban kwamiti suka soki malaminsu, Nikolai Luzin. A 1940 kuwa ya ƙalubalanci Trofim Lysenko, ɗan lelen gwamnati a harkar noma, wanda ke ƙaryata dokokin gadon halitta na Mendel. Kolmogorov ya sake nazarin alƙaluman da wata almajirar Lysenko ta tattara, ya nuna cewa Mendel suke gaskatawa.

Ya rasu a Mosko a 1987.